Me ya sa sababbin wayoyi suka daina burge matasa?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ƙaramin ɗan kasuwa ne, ina da shagon waya a Funtuwa, shekara uku ke nan. Abin da ke ɗaure min kai shi ne, in na saro sababbin wayoyi 'yan yayi, sai matasa su shigo su jujjuya su, su tambayi kuɗi, su ajiye su fita. Wasu ma ko kallonsu ba sa yi, sai dai su tambayi ta hannu ko a canza musu batir. Da can na san yadda ake rububin sabuwar waya. Shin rashin kuɗi ne kawai, ko wayoyin ne suka daina burge mutane? Kuma me ya kamata in riƙa sarowa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Abin da kake gani a Funtuwa shi muke gani a Farm Centre nan Kano, in kuma ka tambayi waɗanda muke saro kaya a hannunsu a Computer Village da ke Ikeja, labarin da za su ba ka ke nan. Ni da gyara na fara wannan sana'a tun zamanin wayoyi masu madannai, daga baya na haɗa da saye da sayarwa, don haka amsar da zan ba ka ta wanda ya daɗe yana kwance waya yana duba cikinta ce.

Tambayarka ta haɗa mutum biyu da ya kamata a raba su. Akwai matashin da yake so amma aljihu ya hana. Akwai kuma wanda ko da kuɗin a hannunsa, bai ga dalilin da zai sa ya rabu da tsohuwarsa ba. Mu 'yan kasuwa na farkon muke gani, domin shi ne yake cewa "Alhaji a duba mana" sannan ya fita. Na biyun ba ya ma shigowa shago, shi ya sa muke mantawa da shi, alhali a ganina ya fi na farkon rage mana ciniki.

Lokacin da sabuwar waya take nufin sabon abu

Ka tuna yadda abin ya faro. A 2001 aka kawo GSM Najeriya, layi kaɗai ana sayar da shi wajen naira 20,000. Wanda ya riƙe Nokia 3310 a majalisa, ko wasan macijin nan kawai yake yi, kowa sai ya leƙo. Da Nokia 1100 ta fito a 2003 da tocila a ka, a ƙasar da wuta ba ta zama, wannan 'yar tocilar kaɗai ta isa dalilin saye. Har yau ana kiran irinta raka-ni-kashi. Sai aka samu mai launi, sai mai kyamara, sai mai Bluetooth da memori, har 'yan dawunlodin suka kafa tebur a kasuwanni suna loda wa mutane waƙoƙi da finafinai da karatun malamai. 'Yan Caina suka zo da layi biyu da eriyar kallon talabijin da sifika mai tashin unguwa. Aka yi yayin BlackBerry, matashi ba ya cika ɗan gayu sai yana da PIN ɗin da zai bayar. Aka yi 2go. Daga nan Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen, suka sa wayar Android ta shiga hannun talaka.

In ka lura, a kowane mataki mai sabuwar waya yana iya yin wani abu da jiya ba ya iyawa, kuma na kusa da shi ba ya iyawa. Wannan ne tushen rububin da ka tuna. Ba kyan wayar ake bi ba, sabon ikon da take bayarwa ake bi.

Daga wajajen 2017 zuwa yau kuwa waya ta tsaya a kan siffa ɗaya: gilashi shimfiɗaɗɗe a gaba, kyamarori a baya. Ka jera guda goma na kamfanoni daban-daban a kan kanta, ka kashe su, ka ce wa yaro ya bambance su ta gaba, ba zai iya ba. Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Kuma ba a nan kaɗai ba ne. Alƙaluman IDC, masu bin diddigin kasuwar waya, sun nuna an fitar da wayoyin zamani kusan biliyan 1.47 a duniya a 2016, amma a 2023 wajen biliyan 1.17 ne. Ƙasashen da matasansu ba sa fama da faɗuwar naira su ma sun rage canza waya. Kamfanin LG ma gaba ɗaya ya bar sana'ar a 2021. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ba talauci ne duk labarin ba.

Abin da nake gani in na buɗe baya

Nan ne mai gyara ya fi mai sayarwa sanin sirri. Sau da yawa ana kawo min waya ta 2021 da wata ta 2024, masu daraja ɗaya, in buɗe su a tebur ɗaya. Ƙarfin batir 5,000 a nan, 5,000 a can. Ƙwaƙwalwar da ke kan fanel, wato furosesa, sau tari ita ce dai ko 'yar'uwarta. Helio G85 na kamfanin MediaTek a 2020 ya fito, amma an ci gaba da sa shi a sababbin wayoyi masu sauƙin kuɗi har bayan shekara uku da huɗu. An canza launin baya, an ƙara faɗin da'irar kyamara, an ƙara lamba a suna. An sauya wa tuwo suna ke nan. Ba na ganin laifin kamfanonin sosai, domin in za su sa sabuwar ƙwaƙwalwa kuɗin zai wuce inda masu sayensu suke, amma matashin da ya riƙe ta bara ya riƙe ta bana ya ji nauyinsu ɗaya, saurinsu ɗaya, ba za ka iya yi masa daɗin baki ba.

Kyamara ma haka. Ana rubuta 50, 108, har 200 megafiksel a kwali da manyan baƙaƙe. To, Nokia 808 ta zo da 41 tun 2012. Yawan lambar ba shi ne kyan hoto ba. Girman idon kyamarar da yadda manhaja ke sarrafa hoton su ne aikin. Sannan ina hoton zai je? WhatsApp zai matse shi kafin ya kai ga wanda aka tura wa, a kalle shi a gilashin da bai wuce tafin hannu ba. Kwanaki wani yaro ya kawo min wayarsa gilashin baya ya fashe, mai da'ira uku ce, yana ta alfahari da "kyamara uku". Da na ɗaga murfin na nuna masa: ɗaya ce kyamarar gaske, ta biyu wani ɗan ƙaramin ido ne da kusan ba ya aikin komai, ta uku kuwa fitila ce. Ya yi shiru, can ya ce, "Oga, ashe kwalliya ce?" Na ce kwalliya ce. Irin wannan yaron in ya koma majalisa mutum goma zai gaya wa, kuma ba za a sake sayar musu da waya da yawan da'ira ba.

Wani abin haushin kuma, manyan wayoyi ragewa suke yi maimakon ƙarawa. Apple ya cire ramin iyafis a iPhone 7 a 2016, ya daina sa kan caja a kwali daga iPhone 12 a 2020, wasu kamfanonin suka bi sahu. Batirin da da kake cirewa da farce ka sa wani, yanzu manne yake da gam, sai an gasa bayan wayar kafin a kai gare shi. Wurin sa memori ya ɓace a yawancin manyan wayoyi. Da iPhone 15 ta koma caja irin ta USB-C a 2023, bayan dokar Tarayyar Turai ta tilasta caja iri ɗaya, aka yi ta talla, alhali mai Android ya yi shekaru yana amfani da ita. Mutum ya biya kuɗi fiye da na da, ya buɗe kwali ya tarar da kaya ƙasa da na da. Ina burgewar za ta fito?

Daɗin ya koma cikin manhaja

Ka tambayi duk matashin da ya shigo shagonka abin da yake yi da waya daga safe zuwa dare. TikTok, WhatsApp, Facebook, Instagram, kallon ƙwallo, tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint, wasu kuma wasanni ko harkar kirifto. Duk waɗannan iri ɗaya ne a wayar bana da ta shekara huɗu baya. Sabon abin da ake yayi yau ta hanyar sabunta manhaja yake zuwa, kyauta, ba ta hanyar kwali ba. A 2024 WhatsApp yana aiki a kan Android 5, wadda ta fito tun 2014. Google da Samsung kuma sun yi alkawarin shekara bakwai suna sabunta manhajar Pixel 8 da Galaxy S24. Kamfanin da kansa yana gaya maka wayar za ta kai shekara bakwai, sannan bayan wata goma sha biyu ya dawo ya ce ka sayi sabuwa.

Abu biyu aka so a farfaɗo da kasuwa da su, 5G da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, kuma duka biyun ba su kama matasanmu ba. MTN ya ƙaddamar da 5G a Najeriya a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, amma sabis ɗin a wasu unguwanni na manyan birane yake. Wanda yake garin da 4G ma sai ya fita tsakar gida yake kamawa, me zai yi da wayar 5G? In ma ya samu, saurin yana sa data ta ƙare kamar an zuba ruwa a rairayi, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Ita kuwa AI, Samsung ya yi tallanta a S24, Apple ya ce tasa sai daga iPhone 15 Pro zuwa sama. Amma ɗalibin da yake son a taya shi aikin makaranta yana buɗe ChatGPT a tsohuwar wayarsa, ko ya tambayi Meta AI da ke cikin WhatsApp ɗinsa. Abin da ake so a sayar masa a miliyan ɗaya da wani abu, yana samun rabinsa a wayar dubu tamanin.

Wayoyin da har yanzu nake ganin suna sa matashi ya buɗe baki su ne masu naɗewa. Tun da Galaxy Fold ta fito a 2019 a kan dala 1,980, duk wanda ya buɗe irinta a kasuwa sai an taru a kansa. Amma kallo ne kawai. Kuɗinta ya fi ƙarfin mutane, kuma ni a matsayin mai gyara ba na ba kowa shawarar ta a garin da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. Mahaɗin da take naɗewa a kai ba ya son yashi, in kuma gilashin ciki ya mutu, kuɗin canza shi zai saya maka wata wayar mai kyau.

Batun aljihu

Yanzu mu dawo kan mutum na farko. Duk wayar da ke kantarka da dala aka shigo da ita. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, wajen 750 a hannun 'yan canji na Wapa. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Ka yi lissafi: wayar dala 150 da take kamawa wajen naira 112,000, ta koma 225,000, kuma ita ce dai, ko ƙusa ba a ƙara mata ba. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato albashin sama da wata uku ke nan a kan waya matsakaiciya, ga cire tallafin mai ya riga ya cinye kuɗin mota da na abinci. Da can matashi yana canza waya don nishaɗi, kamar yadda yake ɗinka sabuwar shadda. Yanzu sayen waya ya zama kamar sayen babur, sai an yi shawara, sai an tambayi abokai, sai an kalli bidiyo biyar a YouTube. Mai yin irin wannan lissafin kwali mai ƙyalli ba ya ruɗarsa.

Amma ka lura da wani abu, domin a nan ne za ka gane ba sha'awar waya ce ta mutu ba. Matashin da ya ajiye sabuwar Android ɗinka a leda, shi ne zai je ya ba da kuɗin nan a kan iPhone 11 'yar Landan, wayar da ta fito tun 2019, batirinta ya sha jiki. Me ya sa? Na farko, kece raini. Tambarin tuffar nan a baya yana magana a wurin biki. Na biyu, bidiyonta a Snapchat da TikTok ya fi fita tas. Na uku, kuma wannan ne lissafin da ya fi burge ni, in ya matsu gobe zai sayar da ita ba tare da ya yi asara mai yawa ba, ita kuwa sabuwar Android ranar da ya yage ledarta ta zubar da wani kaso na kuɗinta. Har ta kai ana ɗaukar iPhone XR ta 2018 a sauya mata riga ta koma kamar sabuwar Pro, a sayar, kuma masu saye da yawa sun san abin da suke saye. Cikin tsoho, baya sabo, kuma yana yi musu duk abin da suke so. In kana neman shaida cewa sabuwa da tsohuwa sun daina bambanta a aikace, ga ta nan.

Kada kuma ka raina batun ƙwacen waya. A Kano na san matasa da dama da suke barin babbar waya a gida ko a can cikin aljihun wando, su riƙe raka-ni-kashi a hannu in za su hau adaidaita sahu da daddare. Wayar da ba za ka iya fito da ita a titi ba, rabin daɗinta ya tafi.

To me za ka saro?

Ka daina bin "wacce ta fito", ka koma bin "wacce ke warware matsala". Matsalolin matasanmu sanannu ne: wuta, wurin ajiya, da tsadar gyara. Wayar da ke riƙe caji kwana guda cur tana kuma cika da sauri in an samu wuta ta awa ɗaya, ita ce ke tafiya. A nan ne ma ake samun ci gaba na gaske a 'yan shekarun nan, domin wasu kamfanonin Caina sun fara sa sabon nau'in batir da ke kai 6,000 zuwa 7,000 ba tare da wayar ta yi kauri ba. Wannan in ka nuna wa wanda yake biyan mai caji kullum, zai tsaya ya saurare ka. Wurin ajiya kada ka sauko ƙasa da gig 128 in ba don masu ƙaramin ƙarfi ba, saboda bidiyoyin guruf-guruf kaɗai suna cika 64 cikin 'yan watanni. Ka kuma gaya wa mai saye gaskiya a kan RAM, wato memorin da manhajoji ke gudu a kai: in ka ga an rubuta 8+8 a kwali, takwas ɗin farko ne na gaske, na biyun aro ne daga wurin ajiya, ba ya gudu kamar na asali. Ranar da ka faɗa masa wannan da bakinka, ka samu kwastoma na shekaru.

Kafin ka saro kowace waya da yawa, ka tambayi mai gyara na kusa da kai ko ana samun sikirin ɗinta da batirinta a Kano, kuma nawa ne. Na sha ganin waya mai kyau ta zama gawa a durowa don kawai an rasa gilashinta.

Ka buɗe ƙofar suwaf, mutum ya kawo tsohuwa ya yi ciko ya ɗauki wata. Yawancin sababbin wayoyin da nake sayarwa yanzu ta haka suke fita, domin ciko na dubu sittin ya fi sauƙin haɗawa a kan dubu ɗari biyu a dunƙule. Sai dai harkar ta hannu tana da haɗari, kuma nan ne sababbin 'yan kasuwa suke faɗawa hannun hukuma. Kada ka karɓi waya babu kwali ko rasit sai ka san mutumin ko ya kawo wanda ya tsaya masa. Ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka gwada ta da ta jikin kwali, ka rubuta a littafi tare da sunan mai ita da lambar wayarsa. In iPhone ce, ya cire iCloud ɗinsa, wato akawun ɗinsa na Apple, a gabanka, ka duba lafiyar batir, ka gwada Face ID mai buɗe waya da fuska, ka duba ko an taɓa canza sikirin. In Android ce, ya fitar da akawun ɗinsa na Google kafin a goge ta. Ka kuma yi hattara da wayoyin da aka ɗauka bashi ana biya kaɗan-kaɗan, domin akwai manhajar da ke kulle su daga nesa in mai ita ya daina biya, kai kuma ka riga ka sayar wa wani.

Sannan tunda mutane suna riƙe waya shekara uku, huɗu, kuɗin ya koma wajen abin da ke raya ta: batir, sikirin, gilashin kariya, kwaba, caja mai kyau, fawa-bank, ƙaramar sola. Ribar waɗannan in ka haɗa ta a wata takan fi ta sayar da sababbin wayoyi, jarinsu kuma bai kai ba. In ba ka iya gyara ba, ka ba wani yaro mai hannu gefen shagonka ku riƙa raba riba. Ƙananan wayoyi masu madannai kuma kada su yanke maka, kullum da masu nemansu.

Duk wannan daga teburina na Kano nake faɗa maka, inda akasarin masu zuwa wurina samari ne 'yan birni da ɗalibai. Kasuwarka ta Funtuwa tana da nata lokacin. Garin noma ne, kuɗi yana shigowa hannun matasa da kaka in an sayar da masara da waken suya da auduga, sai kuma gab da sallah da lokacin bukukuwa da ake sa waya a lefe. Sababbi a kwali ka tanade su don waɗannan lokutan, kaɗan-kaɗan, kada ka danne jarinka a kansu da damina. Ka samu littafi, wata uku kana rubuta duk abin da aka shigo aka tambaya ba ka da shi, da kuɗin da mutum ya ce yana da shi a hannu. Da wannan littafin za ka zo Kano saro na gaba.